Ku Tambayi Malam: Na ce su yi nazari, sun kawo mini ma'anar abinci

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, kuma duk a kan rubutun 'yan aji ɗaya na jami'a suke. Ta farko ce ta fi cin wuri, don ita ta taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malama ce a wata jami'a a nan Filato, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. An ba ni kwas ɗin Turanci na 'yan aji ɗaya, wanda kowane ɗalibi sai ya yi, kuma rukunina sun kai ɗari uku. Na ba su aiki su rubuta shafi biyu, su yi nazarin abin da ya jawo tsadar abinci. Malam, abin da na karɓa ya kashe mini jiki. Ma'anar abinci, ire-iren abinci, amfanin abinci ga jikin ɗan Adam, sai a rufe da "ya kamata gwamnati ta taimaka". Wasu kuma rubutu iri ɗaya suka kawo kalma da kalma, har kuskuren iri ɗaya. Jan birona biyu sun ƙare. Ta ina zan fara? Daga wata malama, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da ajiye jan biron nan tukuna. A shekarata ta farko da koyarwa haka na yi, na kwana uku ina cika takardun yara da ja, kowane waƙafi sai na gyara. Bayan mako biyu na tsaya sayen tsire a bakin titin Bauchi, mai tsiren ya naɗe mini a takarda, ina buɗewa a gida sai ga rubutun hannuna, da jan biro, maiƙo ya jiƙa shi. Mai takardar makinsa kawai ya duba ya yar. Tun ranar na daina yi wa takarda wa'azi.

Yaran nan ba su yi miki taurin kai ba. Abin da aka horar da su a kai shi suka kawo miki. Shekara shida a sakandare malami yana rubuta bayani a allo suna kwafewa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa, wanda ya fi mayarwa daidai shi ne na ɗaya. Sai ki zo rana tsaka ki ce "yi nazari". A kunnensu wannan kalmar tana nufin "juye duk abin da ka sani". Shi ya sa suka fara da ma'anar abinci. Kowane darasi da suka taɓa kwafewa da ma'ana yake farawa, sai ire-ire, sai amfani, sai illoli.

Abin da na daɗe da yarda da shi shi ne, babu yaron da ya shigo ajinki bai iya nazari ba. Je ki tsaya kusa da teburin mai shayi a Dilimi da daddare, ki ji yadda samari suke feɗe wasan ƙwallon jiya: wannan ya ce koci ne ya yi kuskure, wancan ya ce a'a, ai tun minti ashirin aka ba mai tsaron baya jan kati, na uku ya ce to makon jiya da suke sha ɗaya cif me ya hana su ci? Da'awa ke nan, da hujja, da raddi. Uwa da take raba faɗan 'ya'yanta ma haka take yi, ba ta yanke hukunci sai ta ji wa ya fara, wa ya gani. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa gaya wa yaron cewa wannan abin da yake yi a majalisa shi ake nema a takarda. Yana ɗaukar rubutun makaranta wata duniya ce daban, wadda ake shiga da manyan kalmomi, a bar hankali a bakin ƙofa tare da takalmi.

Don haka a makon farko ba na ba da aikin rubutu ko kaɗan. Tambaya nake rubutawa a allo, ƙarama, wadda kowa yake da bakin magana a kanta. Wadda na fi so ita ce: me ya sa kwandon tumatir yake tashi a kasuwar Farin Gada da farkon damina? Ki lura da bambancinta da taki. "Tsadar abinci" teku ce, yaro ba shi da inda zai kama. Tumatir, Farin Gada, farkon damina kuwa, abu ɗaya ne a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sai in ce su juya su yi gardama da na kusa da su minti biyar, da harshen da suka ga dama. A Jos wannan yana nufin Hausa ga mafi yawansu, Birom ne ko Angas ko Tarok ko ɗan Gangare. Wasu abokan aikina ba sa son haka, suna cewa ajin Turanci ne. Ni kuwa na ga yaron da yake fama da tunani da kuma baƙon harshe a lokaci guda, tunanin yake saki ya riƙe harshen. Bari ya gina maganarsa da Hausa, daga baya mu sa mata rigar Turanci.

Ba a rasa wanda zai miƙe ya ce kuɗin mota ne, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. Sai in ce madalla, ka yi da'awa, ya aka yi ka sani? Ya ce ai kowa ya sani. In ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. A yi dariya. Daga nan wata yarinya, galibi wadda ake noma a gidansu, za ta ce ai tun kafin a cire tallafi tumatir yake tsada a wannan lokacin, saboda na rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, ruwa kuma yana ruɓar da wanda ya rage. Wani ya tuno shekarar 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. To a nan aikin yake. Sai in tambayi na farko: yanzu ka janye maganarka, ko za ka gyara ta? Idan ya ce, "Kuɗin mota ya ƙara tsadar, amma ba shi ya kawo tashin da ake gani duk farkon damina ba," sai in rubuta jimlar a allo yadda ya faɗe ta, in ce wa ajin: wannan ita ce jimlar farko ta maƙala. Ko kalma ɗaya mai wuya babu a cikinta.

Tambayoyi uku nake sa su rubuta a bangon littafinsu, kuma har ƙarshen zango da su nake duba aikinsu. Me kake cewa? Ya aka yi ka sani? To sai me? Ta ukun ce ta fi ba su wahala. Yaro zai kawo hujja mai kyau ya ajiye ta kamar wanda ya sauke kaya a tasha ya tafi, bai ce ga abin da take nunawa ba. Ga misali daga aikin wani ɗalibi, na mayar da shi Hausa. Da farko ya rubuta: "Ana noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu. Hanyoyin ƙauyuka ba su da kyau da damina. Manoma suna shan wahala." Duk gaskiya ne, amma jimloli uku ne zaune kusa da juna ba sa gaisawa. Na rubuta masa a gefe: to sai me? Ya dawo da wannan: "Dankalin damina yana fitowa ne daidai lokacin da hanyoyin ƙauye suka fi lalacewa. Manomin da ba shi da wurin ajiya dole ya sayar wa duk dillalin da motarsa ta iya shigowa, a farashin da dillalin ya yanka. Saboda haka gyaran hanya zai fi ƙara wa manomi kuɗi a kan ƙarin taki." Ana iya musa masa wannan ƙarshen, ni ma na musa masa. Amma yanzu akwai abin musawa. Ƙananan kalmomin nan, "saboda haka", "amma", "duk da cewa", "sai dai idan", su ne gaɓoɓin nazari, kuma na fi ɓata lokaci a kansu fiye da kowane babi na nahawu.

Idan na tashi bayyana musu dalilin da ya sa hujja take kan mai magana, ba na zuwa nesa. Wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san ƙa'idar da alƙalai suke aiki da ita, cewa kawo shaida yana kan mai da'awa. Wanda ya zauna a zaure ya ga yadda malami yake karanta layi ɗaya na matani ya yi rabin sa'a yana sharhi, yana cewa wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, abin da ya fi rinjaye kaza ne saboda kaza. Rubutun jami'a ɗan'uwan wannan sharhin ne. Hadda tana da ranarta, ni ma da ita na tashi, amma mai hadda da mai sharhi ba aiki ɗaya suke yi ba.

Sai wajen mako na huɗu nake kawo karatu. Gajerun rubutu biyu masu saɓa wa juna, kowanne bai fi shafi ɗaya ba, domin yaron da aka ba littafi ɗaya yana ɗauka gaskiya ce ta sauko, idan aka ba shi biyu suna faɗa dole ya zama alƙali. Ni da kuza nake yi, don mahaifina a wankin kuza ya yi ƙuruciyarsa, kuma ba ɗalibin da bai taɓa wuce kududdufan da kamfanoni suka bari tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi ba. Rubutu na ɗaya ya ce kuza ce ta gina garin: ita ta jawo jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, ita ta tara mutane daga ko'ina, har gumakan Nok a wajen haƙarta aka fara tono su, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Na biyu ya ce kuza ta cinye gonakin mutane, ta bar ramuka masu cin rai, da farashinta ya rushe a kasuwar duniya a 1985 kuma aka bar leburori da hannu biyu. Tambayar: kuza ta amfani Filato ko ta cuce ta? Za su rabu biyu su yi ta hayaniya. Ki yi haƙuri ki jira, sai wani ya ce, "Malama, ta amfani wa? Mai kamfani, ko mai gona, ko mai noman rani da yake ban ruwa da kududdufin a yau?" Duk shekara ina jiran wannan tambayar, wata shekarar ta zo a minti goma, wata sai na yi hannunka mai sanda. Ranar da ɗalibi ya fara tuhumar tambayar kanta, ya shigo jami'a.

Yanzu maganar ɗari uku. Mu yi lissafi. Shafi biyu, minti goma kowace takarda, sa'a hamsin ke nan, kuma kina da wasu kwasa-kwasan, kina da gida. Ba zai yiwu ba, kuma duk wanda ya ce miki yana yi, makin kawai yake sawa. Ki daina karɓar maƙala sai ƙarshen zango. Sakin layi ɗaya duk mako, jimla biyar zuwa bakwai, a rubuta shi a cikin aji kina tsaye. Wannan kaɗai ya kashe kwafe. Ki raba su gida uku, kowane mako ki ɗauki na mutum ɗari, minti biyu kowanne, sa'a uku da 'yan mintoci. Sauran ɗari biyun su yi musaya da juna: mai dubawa ya ja layi ƙarƙashin da'awa, ya zagaye hujja, idan ya rasa ɗaya ya rubuta "ban gani ba". Ke kuma abu ɗaya tak za ki duba a mako. Makon da'awa kada ki kula da rubutun kalma, ko ya ƙona miki rai. Sannan ki zaɓi guda biyu, ki cire suna, ki kwafe a allo, ku gyara tare. Ki haɗa da mai kyau, kada kullum mara kyau, don su ga abin na yiwuwa daga hannun ɗan'uwansu.

Sabon tsarin karatu da hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar a Disambar 2022 ya sa tunani da kafa hujja a cikin kwas ɗin GST 111, wato na Turanci na 'yan aji ɗaya, tare da sauti da nahawu da sauransu, duk a zango ɗaya. Kayan sun yi wa jakin yawa. Za ki zaɓi abin da za ki tsaya a kai, ki wuce wasu da sauri. Ni dai na san abin da nake zaɓa.

Abu na ƙarshe, kada ki jefar da takardun nan ɗari uku. Ki ajiye su, a makon ƙarshe ki mayar wa kowa tasa ya karanta da kansa. Ba sai kin ce komai ba.

TAMBAYA: Malam, 'yata ta ci Turanci da B2 a WAEC, ta samu maki mai kyau a JAMB, amma aikinta na farko a jami'a an ba ta 4 cikin 10, malamin ya rubuta wai "ba nazari". Ta yi kuka. Anya ba tsangwama ba ce? Daga wani uba, Bukuru.

AMSA: Alhaji, Allah ya raya ta. Ban ga takardar ba, amma ban tsammanin tsangwama ce, don irin wannan kukan ina ganinsa duk shekara, kuma galibi daga masu ƙoƙari. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, wasiƙa ko labari ko maƙala ko muhawara. Maki hamsin ne, talatin daga ciki a kan kyawun harshe da kauce wa kuskuren rubutu suke, goma a kan tsari, goma kacal a kan abin da aka faɗa. Ko tambayar muhawara, gefe ɗaya ake cewa yaro ya kare, ya gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, ya jero dalilai ba tare da an tambaye shi inda ya samo su ba. JAMB kuwa tambaya 180 ce ta zaɓi a kwamfuta, ba a rubuta ko jimla ɗaya. Ke nan B2 ɗinta gaskiya ce, ta iya Turanci, kuma wannan babban jari ne. Jarrabawar ce ba ta auna abin da malaminta yake nema yanzu ba.

Ka ce mata ta ɗauki takardar ta je ofishinsa a lokacin ganin ɗalibai, ita da wata ƙawarta, kada ta ce a ƙara mata maki, ta ce ya nuna mata sakin layi ɗaya da yadda zai zama nazari. Malamai ƙalilan ne suke ƙin wannan roƙon. Kai ma kana da aiki a gida. Idan ana jin labarai a rediyo, tambaye ta ra'ayinta, idan ta faɗa ka ce mene ne dalilinki, kuma ka bari ta saɓa maka ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Yarinyar da aka saba cewa ta yi shiru manya na magana, da wuya ta iya rubuta "wannan marubucin ya yi kuskure" a kan farfesa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan aji ɗaya ne. An kama ni na yi aikin gida da ChatGPT, aka ba ni sifili. Amma ai kowa yana yi, kuma Turancinsa ya fi nawa. Sannan wannan maganar saka sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, mene ne amfaninta? Daga wani ɗalibi, Rikkos.

AMSA: Ɗana, sifilin nan ka karɓe shi da hannu biyu, ya zo maka da wuri kuma da arha. A aji huɗu irin wannan laifin yana iya cinye digiri. Tun da manhajar nan mai rubuta wa mutum amsa ta fito a Nuwambar 2022 na karanta ɗaruruwan ayyukanta da sunayen ɗalibaina a kai. Sumul suke, ba kuskure, ba kuma Farin Gada ko Bokkos a cikinsu, kowane sakin layi yana ba kowa gaskiya. Wani lokaci har littafin da ba a taɓa rubutawa ba take ƙirƙirowa, da sunan marubuci da shekara. Ni ba na ma wahalar bincike. Kiran ɗalibi nake yi in ce rufe takardar, gaya mini abin da ka ce a shafi na biyu da dalilinka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, minti biyu sun isa a gane mai ita.

Idan malaminka ya yarda, ga inda za ta yi maka amfani: ka rubuta naka da hannunka tukuna, sannan ka ce ta nuna maka kurakuran nahawu, ko ta kawo maka raddi a kan da'awarka ka gwada amsawa. Ka tambaye shi kafin ka yi, don dokar kowane sashe daban ce.

Sunan marubuci da shekara kuwa, ai ka san shi tun kafin ka zo jami'a. Idan mai wa'azi ya kawo hadisi, ana jiran a ji wa ya ruwaito. Abokinka Kirista idan ya kawo nassi, sai ya faɗi littafi da sura da aya. Dalilin ɗaya ne, mai sauraro ya iya komawa ya duba da kansa, kuma a san ina maganar wani ta ƙare, ina taka ta fara. Tsarin APA da yawancin sassa suke bi bai wuce haka ba: sunan mai maganar, shekarar da ya buga ta, da lambar shafi idan kalmominsa ka ɗauko kai tsaye. Ka sayi ƙaramin littafi na musamman, duk abin da ka karanta a laburare ko a intanet ka rubuta waɗannan ukun nan take, kafin ka kwafi ko layi ɗaya. Sannan ka koma wurin malamin ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya bari ka sake aikin a gabansa ko da ba zai sa maki ba.